Makaɗin Da Ya Taɓo Sanƙon Mussolini

An haifi Gorni Kramer a Italiya a 1913. Sunan Kramer ma na wani Ba'amurke ne gwanin tseren keke da mahaifinsa ke ƙauna. Sai yaron ya tashi da son jaz, kiɗan baƙaƙen Amurka, daidai zamanin da gwamnatin Mussolini ke ƙyamar wannan kiɗa. Rediyon gwamnati ya juya masa baya, shi kuwa bai ajiye akodiyonsa ba, bai sallami makaɗansa ba.

A 1936 ya fitar da "Crapa Pelada", wato mai sanƙo. Daga waƙar yara ya ɗauko ta, amma fa mai karatu, kan Mussolini tal yake kamar bayan ƙwarya. To wa zai kai ƙara? Duk wanda ya ce da shugaba ake, ai shi ya fara faɗa.