Ade Adebisi: Mai ciwon sikila da ya yi ƙwallon zari-ruga a Ingila, ya kuma kawo ta Najeriya

Ade Adebisi tsohon ɗan wasan ƙwallon zari-ruga ne, nau'in da ake kira Rugby League. An haife shi a shekarar 1986, ya tashi a birnin Landan, kuma iyayensa 'yan Najeriya ne. Abu biyu suka fito da sunansa. Na farko, ya yi wasan a matakin ƙwararru alhali yana ɗauke da ciwon amosanin jini, wato sikila, har ana bayyana shi a matsayin mai wannan ciwo na farko da ya kai wannan mataki a wasan. Na biyu, bayan ya yi ritaya ya shiga sahun gaba na waɗanda suka kafa wasan a Najeriya, inda ya riƙe muƙamin mataimakin shugaba kuma babban manajan Ƙungiyar Rugby League ta Najeriya.

Wane irin wasa ne?

Zari-ruga iri biyu ce, kuma akasarin mutane ba sa bambance su. Akwai Rugby Union mai 'yan wasa 15 a kowane ɓangare, wadda ta daɗe a Najeriya. Akwai kuma Rugby League mai 'yan wasa 13. Rabuwar ta faru ne ranar 29 ga Agusta, 1895, a otal ɗin George da ke garin Huddersfield, lokacin da kulob-kulob na arewacin Ingila suka ɓalle daga hukumar wasan. Dalilin kuwa kuɗi ne. Yawancin 'yan wasansu ma'aikatan masaƙu ne da mahaƙan kwal, waɗanda ke rasa ladan aikin ranar Asabar idan sun tafi wasa, hukumar kuma ta haramta a biya su diyyar wannan asara. Mazauna Inugu, birnin da haƙar kwal ta kafa, da na Fatakwal, inda jirgin ƙasa ke sauke kwal ɗin a bakin teku, ba za su rasa gane irin mutanen da suka haifi wannan wasa ba.

Ana yin minti 80. Ba a jefa wa abokin wasa ƙwallo ta gaba, sai ta baya ko ta gefe. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo yana da dama shida. Idan aka kayar da 'yan wasansa sau shida bai ci ba, sai ƙwallon ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya dangwala ta a ƙasa bayan layin abokan hamayya ya ci maki huɗu, bugun da ke biyo baya kuma maki biyu ne.

Shekarunsa a fili

Adebisi ya fi buga gefe da kuma baya, gurabe biyu da ke neman mai gudu. Ya fito ta hannun London Broncos, sannan ya yi wa London Skolars da Doncaster da Featherstone Rovers da Whitehaven wasa, kafin ya koma Skolars inda ya ƙare. Ban da Broncos, a lokacin duka waɗannan kulob-kulob ne na ƙasa da babbar gasar Super League, inda 'yan wasa da dama ke haɗa wasa da wani aikin.

Idan bajinta a fili ake aunawa, ba shi ne gwarzon da jinin Najeriya ya ba wannan wasa ba. Wannan matsayi na Martin Offiah ne, wanda aka haifa a Hackney da ke Landan, iyayensa kuma 'yan ƙabilar Ibo. Offiah ya ci sau 501 a rayuwarsa ta wasa. A 1992 Wigan ta saye shi daga Widnes a kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya kan wani ɗan wasan ba kafin lokacin, kuma a shekarar ya ci sau goma a wasa guda da Leeds. Sai dai Birtaniya da Ingila ya yi wa wasa, domin a zamaninsa Najeriya ba ta da tawagar da zai sa wa riga.

Ciwon da ya yi wasa da shi

Kafin a fahimci girman abin da Adebisi ya yi, sai an san yadda sikila ke aiki. Jajayen ƙwayoyin jinin mai ciwon sukan lanƙwashe su yi siffar lauje idan iskar shaƙa ta yi ƙaranci a jini. Daga nan sai su toshe ƙananan hanyoyin jini, abin da ke jawo azababben ciwo a ƙasusuwa da ƙirji, wani lokacin har da kwanciya asibiti. Abubuwan da suka fi tayar da ciwon su ne sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da gajiya mai tsanani. Zari-ruga kuwa ta tattara ukun: gudu ne da karo na tsawon minti 80, kuma gari irin Whitehaven yana gaɓar tekun arewa maso yammacin Ingila, inda iska da ruwan sama ba sa yankewa. Labarinsa ba izini ba ne ga duk mai sikila ya faɗa irin wannan wasa, domin ciwon yana bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma likita ne ke da ta cewa. Amma ya raunana tunanin da ya kafu a gidaje da yawa, cewa yaron da aka haifa da ciwon ba shi da rabo a komai sai jinya.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu sikila, inda aka ƙiyasta ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ciwon a duk shekara. Idan miji da mata duka masu rukunin AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan ya sa majalisar dokokin Anambra, jihar da Anacha take, ta zartar da dokar gwajin jini kafin aure a 2019, Kano kuma ta samu tata a 2024.

Aikin kafa wasan a gida

Adebisi ya yi aikin ne tare da shugaban ƙungiyar, Abiodun Olawale-Cole. Dabarar da suka ɗauka ita ce ƙulla sababbin kulob-kulob na gida da tsofaffin na Ingila, abin da ake gani a sunayensu: Eko Trinity da Lagos Rhinos sun ɗauko nasu daga Wakefield Trinity da Leeds Rhinos. Ba a tsaya a Legas ba, domin a Arewa ma an samu Kano Lions da Zazzau Bulls.

A watan Oktoban 2019 Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar yankin Gabas ta Tsakiya da Afirka a filin wasa na Teslim Balogun da ke Surulere, tare da Gana da Kamaru da Maroko. Tawagar, wadda Joe Mbu ya horar, ta haɗa 'yan wasan gida da 'yan asalin Najeriya mazauna Ingila, irin su Sadiq Adebiyi. Ta doke Maroko da ci 38 da 10 a wasan ƙarshe. A 2022 ta sake ɗaukar kofin a Akara, bayan ta doke mai masaukin baƙi.

Tawagar mata, Green Falcons, ita ce ta fi kusantar babban fage. Ta fitar da Kenya a zagayen share fage na Afirka, sannan a watan Oktoban 2025 ta je Kanada inda ta doke Ailan da ci 10 da nema. Wasa ɗaya ya rage mata ta samu gurbi a gasar cin kofin duniya ta 2026, amma Fiji ta doke ta a wasan ƙarshe da rata mai yawa.