Tarihin Miƙar da Ƙashi da Zancen Gyaran Fuska a Ƙasar Sakkwato da Kabi



Bahaushe ya san ɗori tun kaka da kakanni. Abin da maɗori ya gada shi ne ya haɗa bakin karaya, ya ɗaure da kara da tsumma, ya hana motsi har ƙashi ya kama. Likitocin Turai ma a kan wannan ra'ayi suka daɗe. Tarihin da zan kawo yau na waɗanda suka juya wannan ra'ayi ne, suka nuna cewa in an yanka ƙashi, aka riƙa raba bakin yankan sannu a hankali, jiki da kansa zai cike gurbin da sabon ƙashi.

Wani likitan Italiya, Codivilla, ya ba da rahoton ƙoƙarin tsawaita ƙashin cinya a birnin Bolonya cikin 1905, amma janyewar tasa da ƙarfi ce, wahalarta kuwa ta yi yawa. Wanda ya gano ƙa'idar abin shi ne Gavriil Ilizarov, likita a garin Kurgan na Saiberiya, a zamanin Tarayyar Sobiyet. Daga farkon shekarun 1950 ya ƙera zobba na ƙarfe masu kewaye ƙafa, da wayoyi masu ratsa ƙashi, da sanduna masu noti. Bayan fiɗa akan dakata kamar kwana 5 zuwa 7, sa'an nan a fara juya noti, ƙashi yana buɗewa milimita 1 kowace rana, a raba ta kashi huɗu. In an gaggauta, gurbin ba ya cika da ƙashi; in an yi nawa, ya haɗe tun ba a kai inda ake so ba. Jijiya da tsoka da fata su ma suna bin ƙashin suna miƙewa, kuma a ganina nan ne babbar fa'idar take. Manyan likitocin Mosko sun daɗe suna yi masa kallon likitan ƙauye, sai da ya warkar da ƙafar zakaran tsalle Valery Brumel a 1968. Yammacin Turai kuwa ba ta waiwaye shi sosai ba sai bayan da ya yi bayani a Italiya cikin 1981.

Daga ƙafa zuwa fuska an ɗauki lokaci. An gwada a muƙamuƙin kare a 1973, sa'an nan a 1992 Joseph McCarthy na birnin New York ya buga rahoton yara 4 da aka tsawaita musu muƙamuƙi da milimita 18 zuwa 24. Kafin ƙarshen wannan ƙarni an kai dabarar ga tsakiyar fuska da ƙoƙon kai, domin yaran da ƙasusuwan kansu suka haɗe da wuri.

To, me ya haɗa mu da wannan? A ƙasarmu babbar mai ɓata fuskar yaro ita ce cutar zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma. Sunan daga Girkanci yake, ma'anarsa cinyewa, ba shi da dangantaka da noman gona, ko da yake 'ya'yan manoma ta fi kamawa. Tana farawa da gyambo a dasashi, galibi ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda tamowa ko ƙyanda ko zazzaɓi suka raunana, cikin 'yan kwanaki ta huda kunci, ta ci leɓe da hanci, har ta kai ga ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, kusan 9 cikin 10 suna mutuwa. Wanda ya tsira sau da yawa tabo yakan ɗaure masa muƙamuƙi, baki ya ƙi buɗuwa, ci da magana su zama aiki. A ƙauyuka wasu na kiranta ciwon iska, shi ya sa akan fara zuwa wajen mai magani kafin asibiti. Turai ma ta yi fama da ita, ta rabu da ita da abinci da tsabta suka wadata, ta sake ganinta a sansanonin 'yan Nazi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A 1999 aka buɗe Asibitin Yara na Noma a Sakkwato, da taimakon ƙungiyoyin agaji na Turai, kuma tun 2014 ƙungiyar likitoci ta MSF take tallafa masa. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, a watan Disamba 2023. Aikin da aka fi yi a Sakkwato shi ne ɗebo fata da tsoka daga wani sashen jiki a toshe ramin, da kuma kwance muƙamuƙin da ya ɗaure.

Miƙar da ƙashi tana da sharaɗin da ya fi kuɗin ƙarfen nauyi, watau lokaci. Milimita 20 kwana 20 ke nan na juya noti, bayansu makonni 6 zuwa 8 ko fiye kafin sabon ƙashin ya yi ƙwari, ana wanke bakin wayoyi kullum, ana ɗaukar hoto, sa'an nan a cire ƙarfen. Ku dubi iyali daga Ka'oje ko Illo ko Lolo a Ƙaramar Hukumar Bagudo, bakin iyakar Binin. Sai sun ƙetare Kwara, su yi doguwar tafiya zuwa Sakkwato, birnin da tun 1991 ma ba na jiharsu ba ne. Uwa ta bar sauran yara, uba ya bar fadamar shinkafa, wata uku ba kaɗan ba ne ga mai ci daga gona. Dangi na tsallaken iyaka, wajen Segbana, tafiyarsu ta fi haka, ga kuma canjin kuɗi da na harshen hukuma.

Saboda haka ma'aikacin da aka tura Bagudo, ko na lafiya ko na mulki, ya sani cewa a matakin farko, lokacin da dasashi ke jini baki yana wari, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da cutar, kuma duk ukun ana iya samar da su a ƙaramin asibitin gunduma.