Daga Jirgin Yaƙi Zuwa Garejin Kuje: Tarihin Tukunyar Naitiros

Iskar nan da samarin Abuja ke kira NOS, suke rububin a ɗaura musu a mota, ta girmi motar kanta da fiye da shekara ɗari. Ni bakanike ne. A Kaduna na koyi aiki, zamanin da Fijo 504 ke fitowa dal daga kamfanin PAN, a Kuje kuma na yi furfura. A ganina, duk mai son taɓa wannan tukunya ya fara sanin hannayen da ta bi kafin ta iso nasa, domin kowace ƙa'idarta wahala ce ta haife ta.

A 1772 wani masani ɗan Ingila, Joseph Priestley, ya fara haɗa iskar naitiros. A 1799 Humphry Davy ya riƙa shaƙarta a garin Bristol, ya lura tana sa dariya, tana kuma danne zafin ciwo. A 1844 wani likitan haƙori a Amurka, Horace Wells, ya shaƙe ta aka cire masa haƙori bai ji zafin kirki ba. Asibiti ne gidanta na farko, har gobe ma tana can.

Yaƙi ne ya shigar da ita inji. Idan jirgi ya lula sama sosai, iska takan yi ƙaranci, inji ya riƙa shaƙewa. A Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa suka ƙera wata na'ura mai suna GM-1, suna fesa naitiros cikin injin jiragensu irin Messerschmitt Bf 109. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. In an bi ta nauyi, oksijin kashi 23 ne cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, a naitiros kuwa kashi 36. Da zafi ya kai wajen digiri 300 sai ta rabe ta saki oksijin ɗin. Ita kanta ba ta ci da wuta. Dama take ba inji ya ƙona fetur fiye da yadda ya saba. Matuƙin jirgi ba ya barinta a buɗe. Sai tura ta kai bango yake kunnawa, ya tsira, ya kashe.

Bayan yaƙi, masu tseren mita 402 a Amurka suka ɗauke ta. A 1978 Mike Thermos da Dale Vaznaian suka kafa kamfanin NOS a Kaliforniya, mai shuɗiyar tukunya. A 2001 fim ɗin The Fast and the Furious ya fito, ta faifan sidi ya shigo ɗakunan yaranmu. Sun ga an danna maɓalli mota ta ɓace, amma ba a nuna musu bakaniken da ya kwana yana awo ba.

Lokacin da aka kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, Kuje garin noma ne na Gade da Gbagyi. Ko da na zo, aikinmu bai wuce a-kori-kura mai jigilar doya da bas-bas na ranar kasuwa ba. Bayan gwamnati ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991, tsadar haya ta koro ma'aikata Lugbe da Gwagwalada da nan Kuje. Motocin Kwatano suka cika gari, kabureta ta ba injekta wuri, muka koma koyon aiki da kwamfuta da girmanmu. Daga baya samari masu BMW da Lexus suka fara zuwa, tayoyinsu na baya a ƙone saboda wasan mota.

Ɗaya daga cikinsu ya taɓa sauke kwali a gabana, ya ce, "Baba, mai ƙarfin doki 150 nake so a ɗaura min." Na ce, "Ɗana, zo ka gani." Na miƙa masa wani fistin da nake ajiyewa a kan benci. Samansa ya huje, ramin ya ci babban yatsa, gefen ramin ya narke ya daskare kamar dalma. Haka fistin yake komawa idan oksijin ya yi yawa fetur ya gaza: wutar cikin silinda ta wuce abin da ƙarfe zai iya ɗauka, cikin daƙiƙoƙi an gama.

Shi ya sa ƙa'idojin da magabata suka bari ba na wasa ba ne. Ana fara auna matsin kowace silinda, domin injin da ya gaji naitiros ba ta tada shi, ƙarasa shi take yi. Injin da ba a canja masa kayan ciki ba, ƙarin doki 50 zuwa 75 ya ishe shi. Tsari iri biyu ne: busasshe, mai fesa iskar kaɗai ya bar injekta ta ƙaro mai, da jiƙaƙƙe, mai fesa iska da fetur tare. Ko wanne aka zaɓa, sai an tabbatar famfon mai yana da ƙarfi, a sa filogi mai jure zafi, a ja lokacin tartsatsi baya da digiri 2 a kan kowane doki 50. A haɗa makunni yadda ba zai buɗe ba sai an take totur ƙasa, inji ya haura juyi 3,000 a minti. Tukunya a ɗaure ta da ƙarfe da noti a cikin but, a ja mata bututun da zai fitar da iska waje in bawul ɗin kariya ya fashe.

Akwai abin da ya fi shafarmu mu 'yan ƙasar zafi. Matsin da ake so a tukunya tsakanin 900 ne zuwa 1,000 a ma'aunin psi. Da zafi ya haura digiri 36, naitiros ba ta iya zama ruwa, matsi sai hauhawa. Wanda ya san ranar watan Maris a Kuje ya san but ɗin mota a rufe ya wuce haka nesa ba kusa ba. Ba a barin tukunya a rana, ba a kuma kusanta ta da wuta.

Wata masifar ita ce shaƙa. A Yulin 2023 hukumar NDLEA ƙarƙashin Buba Marwa ta ba da umarnin farautar masu sayar da ita ga matasan da ke zuƙa a balan-balan. Tana lalata aikin bitamin B12, jijiyoyi su mutu, saurayi ya kasa tsayuwa da ƙafarsa. Ta mota ma da gangan ake gauraya ta da iskar farar wuta don kada a shaƙa.

Likita da awo ya yi aiki da ita, matuƙin jirgi da ƙidayar lokaci, ɗan tsere a killataccen fili da motar asibiti a gefe. Hanyar Kuje zuwa Gwagwalada kuwa ta 'yan acaba ce da 'yan makaranta da mata masu dakon itace. Ina so hukumomin Abuja su ware wa samarin nan filin tsere mai doka, domin sha'awarsu ga inji abar renowa ce, cikinsu akwai injiniyoyin gobe. Kafin nan, ina roƙon 'yan'uwana makanikai: wanda ya zo da tukunya bai da filin da zai buɗe ta, a ba shi haƙuri ya koma da kayansa, ko nawa ya ajiye.