Lalacewar Jadawalin Sassan Faifai da Gyaran Kwamfutar da ta Ƙi Tashi

Lalacewar jadawalin sassan faifai matsala ce da ke hana kwamfuta tashi, saboda ta rasa bayanin da ke nuna mata inda babbar manhajarta take a kan faifan ajiya. Jadawalin ɗan taƙaitaccen rubutu ne a farkon faifai, mai ɗauke da inda kowane sashe ya fara, da tsawonsa, da irinsa. Idan ya goge ko ya gurɓace, galibi fayilolin da ke cikin sassan suna nan daram, injin ne kawai ba ya ganinsu. Lamarin ya yi kama da ƙonewar kundin rajistar filaye a gari: gidaje suna tsaye, amma babu takardar da ke nuna iyakar kowa. Saboda haka aikin mai gyara shi ne maido da iyakokin yadda suke, ba tare da ya rubuta wani sabon abu a kan fayilolin ba.

Asali

Raba faifai zuwa sassa a irin kwamfutocin da suka mamaye gidaje da ofisoshi ya samo asali ne a watan Maris na 1983, lokacin da kamfanin IBM ya fitar da samfurin XT mai faifan megabayit 10, tare da babbar manhaja PC DOS 2.0. A nan aka fara aiki da tsarin MBR, wanda ya keɓe sektar farko ta faifai, mai bayit 512, domin wannan hidima. Bayit 446 na farko na umarnin tayar da inji ne da abin da ya danganci shi. Bayit 64 da ke biye su ne jadawalin, mai gurbi huɗu, kowane gurbi bayit 16. Bayit biyu na ƙarshe kuwa hatimi ne, 55 da AA a lissafi mai tushe 16, wanda ke shaida cewa sektar ta tayarwa ce.

Tsarin yana da iyakoki uku. Ba ya ɗaukar manyan sassa fiye da huɗu, sai an mayar da ɗaya uwa ga ƙananan sassa. Ba ya ƙirga abin da ya wuce kimanin terabayit biyu a faifai mai sektar bayit 512. Mafi muni kuma, ba shi da kwafi na biyu, don haka lalacewar sekta guda ta isa ta ɓatar da faifai sukutum.

A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Intel ya ƙirƙiro EFI domin maye gurbin tsohuwar manhajar BIOS, kuma a 2005 aikin ya koma hannun gamayyar kamfanoni da sunan UEFI. Tare da shi sabon jadawali mai suna GPT ya zo. Wannan yana ajiye kanunsa a sekta ta biyu, yana tanadar gurbi 128 a bisa al'ada, kowane gurbi bayit 128, yana kuma adana cikakken kwafi a ƙarshen faifai. Akwai lambar tantancewa ta CRC32 a kan kanun da kuma kan gurbobin, wadda ke tona kowace gurɓacewa nan take.

Yadda tashi ke gudana

A tsohon tsari, da zarar an kunna inji, BIOS takan duba kayan aiki, ta ɗauko sektar farko ta faifai, ta tabbatar da hatimin, sannan ta miƙa ragama ga umarnin da ke ciki. Umarnin yakan nemi sashen da aka yi wa alamar tayarwa a jadawali, ya karanta sektar farko ta wannan sashe, ita kuma ta kira mai loda babbar manhaja: NTLDR a Windows XP, ko BOOTMGR daga Windows Vista zuwa sama. Mafi yawan rabe-raben Linux kuwa suna amfani da mai lodawa GRUB. A sabon tsari, UEFI takan karanta GPT da kanta, ta nemo wani keɓaɓɓen sashe na tayarwa, galibi mai tsarin FAT32, ta buɗe fayil ɗin lodawa daga cikinsa. A kowane tsari, mataki yana rataye ne da wanda ya gabace shi, kuma saƙon da ke fitowa a allo yakan nuna inda aka tsaya.

Saƙon "Invalid partition table" na nufin umarnin farko ya tarar da jadawali a hargitse. Saƙon "Missing operating system" na nufin an sami sashen, amma sektar tayarwarsa ba ta da hatimi. "BOOTMGR is missing" ya nuna an wuce waɗannan matakai, mai lodawa ne ba a gani ba. A Linux kuwa, allon "grub rescue" yakan bayyana idan sashen da ke ɗauke da ragowar fayilolin GRUB ya ɓace ko lambarsa ta sauya.

Musabbabai

Sau da yawa lalacewa daga hannun mutum take zuwa. Akwai kuskuren zaɓen faifai yayin ba da umarnin sharewa a manhajar diskpart, ko yayin kwafa da manhajar dd, inda cikin daƙiƙoƙi jadawali ke tafiya. Akwai ɗaukewar wuta ana tsakiyar faɗaɗa sashe ko matsar da shi, wanda ke barin jadawali yana faɗin abu ɗaya, tsarin fayiloli yana faɗin wani. Akwai ɗora babbar manhaja ta biyu, wadda kan danne umarnin tayarwar ta farko. Sai kuma tsufan faifai, da faɗuwar laftof tana aiki, da muggan manhajoji masu kai hari ga sektar farko da gangan.

Matakan gyara

Matakin farko shi ne rarrabe ciwon jadawali da ciwon jikin faifai. Mai gyara yakan shiga saitin BIOS ko UEFI ya duba ko ana ganin faifan da cikakken girmansa, ko jerin tayarwa bai sauya ba, ko kuma an juya injin daga sabon yanayi zuwa tsoho, domin wannan kaɗai yana iya hana lafiyayyen faifai tashi. Yakan karanta rahoton SMART, wanda faifai ke ajiyewa game da lafiyarsa. Faifan da ke ƙara ƙwas-ƙwas ko yake ɓacewa yana dawowa ba na gyaran manhaja ba ne, kuma ci gaba da kunna shi yana ƙara ɓarna.

Mataki na biyu shi ne dakatar da rubutu. Ana tayar da injin daga filash, ana kuma ƙin amsa tayin Windows na yi wa faifan fomat ko kafa masa sabon jadawali. Idan bayanan suna da daraja, ana ɗaukar kwafin faifan gaba ɗaya zuwa wani faifai mai girmansa ko fiye. Manhajar GNU ddrescue ta Antonio Diaz Diaz ta yi suna a nan, domin takan fara kwashe wuraren da ke karantuwa, sannan ta dawo kan masu wuya, tana ajiye lissafin inda ta tsaya.

Mataki na uku shi ne maido da jadawali. A faifan GPT, manhajar gdisk ta Roderick W. Smith tana iya sake gina kanun farko daga kwafin da ke ƙarshen faifai. Inda babu kwafi, akan koma ga TestDisk, manhajar kyauta da Bafaranshe Christophe Grenier ya fara fitarwa a 1998. Takan bi faifai tana neman alamomin da kowane tsarin fayiloli ke bari a bakinsa, ta ƙididdige iyakokin sassa daga gare su, ta kuma nuna jerin fayilolin ciki kafin a amince a rubuta komai. Abin da ke taimaka mata shi ne tsarin fayiloli yana da nasa tanadin: NTFS yana ajiye kwafin sektar tayarwa a ƙarshen sashe, FAT32 a sekta mai lamba 6, ext4 kuma yana warwatsa kwafin babban bayaninsa a wurare da dama, irin su tubali mai lamba 32768. Sanin al'adar farawa ma yana da amfani: a tsofaffin faifai sashen farko yakan fara a sekta 63, amma daga zamanin Windows Vista ya koma sekta 2048, wato bayan megabayit ɗaya cif.

Mataki na huɗu shi ne gyara tayarwa kanta. A Windows mai MBR, umarnin bootrec /fixmbr yana sake rubuta umarnin sektar farko ba tare da taɓa jadawali ba, don haka ba ya maido da sashen da ya ɓace. Umarnin bootrec /rebuildbcd yana sake gina kundin tayarwa na BCD. A injin UEFI, akan ba sashen tayarwa harafi da diskpart, sannan a kwafa masa fayilolin lodawa da bcdboot. A Linux, akan shiga tsarin daga filash a sake dasa mai lodawa da grub-install. Binciken tsarin fayiloli da chkdsk ko fsck yana zuwa ne a ƙarshe, domin waɗannan manhajoji suna gyara ne ta hanyar rubutu, kuma a kan iyakar da ba daidai ba suna iya lalata abin da ya tsira.

Idan duk wannan ya faskara, saura ceton fayiloli ɗaya-ɗaya da irin su PhotoRec, wadda ke gane fayil daga siffar farkonsa, amma ba ta maido da sunaye ko jerin jakunkuna. A faifan SSD, umarnin TRIM yana iya share abin da aka goge har abada, sashen da aka kulle da BitLocker kuma yakan nemi mabuɗin ceto mai lamba 48.

Yaɗuwa

Matsalar tana ko'ina kwamfuta take, kuma tarihin muggan manhajoji ya nuna girmanta. Michelangelo, wadda aka gano a 1991, takan danne sektocin farko na faifai a ranar 6 ga Maris. CIH, wadda ta fito daga Taiwan a 1998, ta yi babbar ɓarnarta a ranar 26 ga Afrilu 1999, inda ta shafe megabayit na farko na faifai, ta kuma yi yunƙurin lalata BIOS. A watan Agusta na 2012 Shamoon ta durƙusar da kwamfutoci kimanin 30,000 na kamfanin mai na Saudi Aramco, tana goge fayiloli da MBR tare. A ranar 27 ga Yuni 2017 NotPetya ta ɓarke daga Yukren ta bazu zuwa manyan kamfanoni, ciki har da Maersk na jiragen ruwa. A hare-haren Shamoon da NotPetya an haɗa da lalata bayanan kansu, don haka maido da jadawali bai wadatar ba.

A ƙasashen da wutar lantarki ba ta da tabbas, irin su Najeriya da Nijar, haɗarin ya fi yawa ga kwamfutocin tebur marasa na'urar ajiyar wuta ta UPS da laftof masu mataccen batir. Gaggawar yin fomat a shagon gyara kuwa takan mayar da matsala mai magani ta zama asarar takardu da hotuna.

Muhimmanci

Darussan wannan matsala sun shiga ƙirar injinan zamani. Tsarin Secure Boot, wanda ya yaɗu tare da Windows 8 a 2012, yana hana lodin umarnin tayarwa marar sa hannun da aka amince da shi. A 2017 Microsoft ya ƙara mbr2gpt a Windows 10 domin sauya tsohon jadawali zuwa sabo ba tare da share bayanai ba, Windows 11 ta 2021 kuma ta sharɗanta UEFI. Masu kula da injina sukan adana kwafin jadawali da sfdisk ko sgdisk kafin su taɓa sassa, kuma fayil ɗin bai wuce 'yan kilobayit ba. Sai dai kwafin GPT yana zaune ne a kan faifai ɗaya da na asali, kuma jadawali kaɗai yake karewa. Kariyar fayiloli tana buƙatar kwafi a wani faifai dabam, wanda ba ya jone da injin a lokacin da ake aikin raba sassa.