Dabarar Tsawaita Kwanan Fure

Fure abu ne mai gajeren kwana, ya buɗe da safe, kafin la'asar ya yi yaushi. Amma tun zamanin kakanni manoman Gezawa sun san dabarar ajiye shi. In kaka ta yi sukan tsinke soɓorodon yakuwa, su shanya, har ya zama tsarabar baƙo.

Turawa kuwa tasu dabarar dabam ce. Wani likita da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa, J. M. Dalziel, yakan matse fure tsakanin takardu har ya bushe, ya tambayi mutane sunansa, ya rubuta. A 1916 ya buga littafin sunayen tsire-tsire da Hausa, a 1937 kuma na amfaninsu. Ya mutu a 1948, amma furanninsa suna nan ajiye a lambun Kew, a Ingila.

To, 'yan makaranta, a ƙasar Gezawa gona ta haɗe da gona, daji ya yi ƙaranci. Duk furen da kuka gani a bakin gona ku matse, ku tambayi tsofaffi sunansa da amfaninsa tun suna raye, ku rubuta, ku ba ƙannenku. Wannan kyauta ta fi kwabo daɗewa a hannu.