Fiziks ko Kemistiri: Zaɓin Hanyar Koyon Ilimin Kwantam ga Ɗalibin Ƙasar Daura

Ɗalibin da ya kammala sakandare a Babban Mutum ko wani gari na ƙaramar hukumar Baure, a masarautar Daura, idan yana da sha'awar sanin yadda ƙwayar zarra take aiki, yakan tsinci kansa gaban zaɓi tun lokacin cike takardar JAMB: ko ya nemi sashen Fiziks, ko ya nemi na Kemistiri. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya duk suna da waɗannan sassa biyu, kuma kowane sashe yana koyar da ilimin kwantam ta fuskarsa. Galibi ana yanke shawarar ne bisa tsoron lissafi, ana ganin Kemistiri mafaka ce ga wanda lissafi ya yi wa nauyi. Wannan ma'auni kuskure ne, domin abin da ya raba darussan biyu shi ne irin tambayar da kowannensu yake neman amsawa.

Ilimin kwantam shi ne bayanin halayyar abubuwa mafi ƙanƙanta, kamar ilektiron, wato ƙwayar da ke ɗauke da lantarki a cikin zarra. Tushensa shi ne cewa makamashi a wannan mataki yana zuwa ne daki-daki, kamar matakan tsani, inda ƙafa ke iya tsayawa a kan wannan ko wancan amma ba ta da wurin tsayawa a tsakani. Max Planck ne ya fara kawo wannan tunani a 1900, Niels Bohr ya ɗora shi a kan zarrar haidirojin a 1913, sannan Werner Heisenberg a 1925 da Erwin Schrödinger a 1926 suka ba shi cikakken tsarin lissafi. Shekara guda bayan haka, a 1927, Walter Heitler da Fritz London suka yi amfani da lissafin wajen bayyana dalilin da ya sa zarrar haidirojin biyu suke manne wa juna, kuma daga nan ne reshen Kemistiri na wannan ilimi ya tsiro.

Darasin sashen Fiziks yana farawa ne daga ginshiƙan ka'idar: me ake nufi da awo, me ya sa ba a iya sanin wurin ilektiron da saurinsa daidai a lokaci guda, kuma yaya ake warware lissafin Schrödinger a misalai masu sauƙi har a kai ga zarrar haidirojin. Wanda ya bi wannan hanya shi ne zai iya bayyana abin da ke faruwa a cikin farantin sola da ake gani a kan rufin shagon cajin waya ko a gefen rijiyar burtsatse a garuruwan iyaka: silikon ɗin da ke cikinsa yana da tazarar makamashi ta kimanin ilektiron-bolt 1.1, kuma hasken da ƙarfinsa ya kai wannan tazara ne kaɗai ke iya ɗaga ilektiron ya zama wutar da za a ja. Wannan hanya ce kuma ke kaiwa ga ayyuka irin na Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Zariya, inda na'urar nukiliyar bincike ta Nijeriya ta fara aiki a 2004.

Darasin Kemistiri kuwa yana ɗauka ne daga inda na Fiziks yakan tsaya, domin da zarar ilektiron sun wuce ɗaya, lissafin ba ya warwaruwa kai tsaye, sai an koma ga dabarun ƙiyasi. A nan ake koyon yadda zarra ke haɗuwa su zama sinadari, da dalilin siffarsa da launinsa. Shunin da marina ke tsoma zane a cikinsa a marinar Ƙofar Mata ta Kano yana shanye haske mai launin ruwan goro, wanda tsawon zangonsa ya kai kusan nanomita 600, saboda tazarar da ke tsakanin matakan ilektiron ɗinsa ta dace da wannan haske, kuma abin da ya rage ya dawo wa ido shi ne shuɗi. Lambar Nobel ta Kemistiri ta 1998, wadda Walter Kohn da John Pople suka raba, ta tabbatar da matsayin hanyoyin lissafa irin waɗannan halaye da kwamfuta, kuma Kohn kansa masanin Fiziks ne. Wannan yana da muhimmanci ga jami'o'in Arewa, inda kayan ɗakin gwaji ke da tsada, tunda ana iya yin bincike na gaske da kwamfuta da manhajar da ake samu kyauta.

Akwai masu cewa darasin Kemistiri ya wadatar, tunda shi ya fi kusa da aikin yi a masana'antun taki da magunguna. Hujjar tana da ƙarfi, amma ɗalibin da ya iya sarrafa manhaja ba tare da sanin ƙiyasin da aka gina ta a kai ba, ba zai gane ranar da ta ba shi amsar banza ba. Haka shi ma ɗalibin Fiziks da bai taɓa wuce haidirojin ba, iliminsa ya tsaya a kan nau'in zarra ɗaya tak daga cikin 118 da aka sani.

Saboda haka, wanda tambayarsa ita ce dalilin da ya sa dokokin halitta suke haka, ya nufi Fiziks. Wanda kuma ke son sanin yadda dokokin ke samar da rini da taki da magani, ya nufi Kemistiri. Kowannensu na bukatar kalkulas da aljabara tun daga shekarar farko, kuma wannan nauyi yana komawa kan malaman lissafi na sakandaren karkara. Wajibi ne kuma sassan biyu su tsara jadawalinsu ta yadda ɗalibi zai iya ɗaukar darasin kwantam na ɗaya sashen a matsayin zaɓi, domin ɗan Babban Mutum da ya sha wahalar isa jami'a ya cancanci ya fito da ilimin a cike.