Gandiroba da 'Yancin Kafa Ƙungiya a Nijeriya

Duk wanda ya taɓa kai wa ɗan'uwansa abinci a gidan yarin Kurmawa ko na Goron Dutse a Kano ya san gandiroba ta fuska ɗaya kawai: mutumin da ke bakin ƙofa, ya buɗe kwano, ya juya miya, ya ce a ɗanɗana kafin a shigar. Ba kasafai ake tambayar awa nawa ya yi a tsaye ba, ko yaushe rabon da a yi masa ƙarin girma, ko wa yake kai wa kuka idan an zalunce shi. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce ta dame ni, domin dokar Nijeriya ta riga ta amsa ta, kuma amsar ba ta da daɗi.

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago don kare muradunsa. Sai dai sashe na 11 na Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ya cire wasu ma'aikata daga wannan 'yanci, wato sojoji da 'yan sanda da jami'an kwastan da na shige da fice da na gidajen yari, har da ma'aikatan Babban Bankin Nijeriya. Abin da aka bar musu shi ne kwamitin tuntuɓa tsakaninsu da shugabanninsu. Kowa kuwa ya san yadda tuntuɓa take a aikin kaki: ƙaramin jami'i ya sara wa na gaba da shi, ya ce "ranka ya daɗe, komai lafiya", ya koma bakin aiki da damuwarsa a ciki.

Wannan hani yana da tushe a tarihi. A Arewa, kafin zuwan Turawa, Yari, mai tsaron kurkuku, bawan sarki ne ko baransa, shi ya sa har yau ake cewa gidan yari. Turawa suka bar yawancin gidajen a hannun En'e, aka ci gaba da haka har zuwa 1968 da gwamnatin soja ta haɗe su da na tarayya. Daga fada aka miƙa gandiroba ga bariki, kuma a duk wuraren biyu biyayya kawai ake nema daga gare shi. A 2019 an sauya doka, an sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gyaran Hali, an ɗora wa jami'in nauyin tarbiyya da koyar da sana'a da shirya fursuna ya koma cikin jama'a. Sashe na 11 bai motsa ba. An ce masa ya zama malami kuma mai ba da shawara, amma a wajen haƙƙinsa ana ci gaba da ɗaukarsa soja.

Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 87 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun 1960. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ba ƙasashe damar taƙaita 'yancin ƙungiya ga rukuni biyu kaɗai, sojoji da 'yan sanda. Kwamitocin ƙungiyar sun daɗe da bayyana cewa ma'aikatan gidan yari ba sa cikin waɗannan biyu, kuma sun sha kiran Nijeriya ta gyara sashe na 11.

Hujjar masu goyon bayan hanin tana da nauyi, bai kamata a raina ta ba. Suna cewa idan gandirobobi suka tafi yajin aiki, wa zai buɗe ɗakuna da safe, wa zai raba abinci, wa zai kai mara lafiya asibiti? Malamin makaranta ya yi yaji ɗalibi ya koma gida. Fursuna ba shi da inda zai koma. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Kuskuren shi ne haɗa abu biyu wuri guda, 'yancin ƙungiya da 'yancin yajin aiki, alhali ana iya ba da na farko a taƙaita na biyu. A Ingila ƙungiyar gandirobobi ta POA tana nan tun 1939. Dokar 1994 ta hana ta kiran yajin aiki, amma ƙungiyar tana magana a majalisa da kafafen labarai, tana tsaya wa mambanta idan an tuhume shi, kuma tun 2001 akwai hukuma mai zaman kanta da ke ba gwamnati shawara kan albashinsu. A Afirka ta Kudu kuwa, ƙungiyar POPCRU ta 'yan sanda da gandirobobi ta samo asali ne a 1989, lokacin da wani laftanar ɗin 'yan sanda, Gregory Rockman, ya fito fili ya soki zaluncin da abokan aikinsa ke yi a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. A can ƙungiya ta zama bakin da jami'i ya faɗi gaskiya game da hukumarsa.

Irin wannan bakin ne muka rasa. Ka duba aikin da kyau. Da yamma ana ƙidaya kafin a kulle, kuma idan mutum ɗaya ya yi ƙasa babu mai tafiya gida. Jami'i ya leƙa ɗakin da aka gina don mutum goma ya tarar da ninkin haka, ana kwana a karkace, wani na tari a lungu. Iskar da suke shaƙa ita yake shaƙa, tarin fukan da ya kama su shi ma yana iya kai shi gida ga 'ya'yansa. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke yi, don haka fushin jinkirin kotu a kansa yake sauka, shi da bai kama kowa ba kuma bai ɗage zaman kowa ba. Dokar 2019 ta ba hukuma ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika, amma ƙaramin jami'in da ke riƙe da mabuɗi ba shi da wata kafa da zai matsa a yi amfani da wannan iko.

Sannan ga haɗarin rai. A Satumban 2010 an fasa gidan yarin Bauchi, fursunoni sama da 700 suka fita. A Afrilun 2021 aka fasa na Owerri, sama da 1,800 suka tsere, sai na Kuje a Yulin 2022. Na Suleja ma ba bindiga ce ta buɗe shi ba: a Afrilun 2024 ruwan sama ne ya kayar da tsohuwar katanga, fiye da mutum 100 suka gudu. Mai zagaya katanga kowane dare shi ne farkon wanda zai ga tsaga. Idan hanyarsa ɗaya ita ce ya rubuta wa shugabansa, takardar tana iya kwana a cikin fayil har damina ta zo. Bayan ɓarna kuma, shi ake fara dakatarwa.

Akwai wani tsoro da ya fi na yajin aiki cancantar a yi tunani a kansa. A jihar Kalifoniya ta Amurka ƙungiyar gandirobobi ta yi ƙarfi har ta zuba kuɗi wajen goyon bayan dokar 1994 da ta tsananta hukuncin mai laifi karo na uku, abin da ya ƙara cika gidajen yari. Ƙungiya tana iya kare ɓata-gari a cikinta, tana iya ganin yawan fursunoni a matsayin yawan guraben aiki. Maganin wannan yana cikin yadda za a rubuta doka: a fayyace abin da ƙungiyar za ta yi ciniki a kansa, kamar albashi da awannin aiki da gidajen bariki da diyyar wanda ya mutu a bakin aiki, a bar binciken cin zarafin fursuna a hannun hukuma ta waje, a kuma tanadi sulhu na dole a Kotun Ma'aikata maimakon yaji.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar kafa nasu gidajen gyaran hali. Ke nan nan gaba jihohi irin su Kano da Kaduna za su iya ɗaukar nasu gandirobobin, da nasu albashin da nasu sharuɗɗan. Kafin a ɗauki rukunin farko ya kamata Majalisar Tarayya ta cire ma'aikatan gidan yari daga sashe na 11, domin jihar da malaman firamare suke bin ta bashin albashin watanni ita ce za ta riƙa biyan mai riƙe da mabuɗin kurkuku.